Godiya Muke Yi ko Biya?

Mu dai a unguwar nan, da zarar hunturu ya fara leƙowa, aka ga amalanke na shigowa gari da dawa dami-dami, to zance ɗaya ne a bakin kowa: yaushe ne Lahadin godiya? Shi ake yi a bakin rijiya, shi ake yi a wajen mai injin niƙa, shi ake yi a bencin mai shayi. 'Yan zumuntar mata tun watan Oktoba suke bitar waƙoƙi, da la'asar sai ka ji tuluna da kacau-kacau suna tashi daga cikin coci. Tela ba ya runtsawa saboda ɗinkin anko. Matasa kuwa ranar Asabar za su saro karan dawa da zangarniyarsa, su ɗaɗɗaure a ƙofa da tagogi da gefen bagade, har majami'ar ta riƙa ƙamshin gona.

Ranar kuma, gida-gida ake kira. Sakatare ya riƙe lasifika ya ce gidan wane, sai ka ga sun taso daga can baya da rawa, maigida a gaba da dami a ka, uwargida da ƙwaryar wake, samari biyu sun kinkimo buhun masara, 'yan yara da kabewa da rake da kwalbar man gyaɗa. Ba a rasa ɗan akuyan da zai cije a tsakiyar hanya ya ce ba inda za shi, sai an tura shi ta baya jama'a na dariya. Ma'aikata, malaman makaranta da na asibiti, su da ambulan suke zuwa. Bayan an tashi sai gwanjo a ƙarƙashin darbejiya, inda kabewa guda za ta yi kuɗin da ba ta taɓa yi a kasuwa ba, don kawai surukai biyu sun ja daga, kowa ya ce ba za a kayar da shi ba. Ina ƙaunar wannan rana har cikin raina, kuma ba na fatan in ga shekarar da za mu daina ta.

Sai dai akwai wata magana da takan fito daga bakinmu bayan an watse, wadda ta daɗe tana damuna. Wani maƙwabcinmu, manomi ne na gaske kuma mutumin kirki, bara ya kai buhu biyu. Da yamma yana zaune a ƙofar gida yana karkaɗe hula sai ya ce, "To, bana kam na sauke nauyi. Na biya Allah nasa, saura nawa." Wata tsohuwa da duk unguwa ke kira Iya tana wucewa da sandarta, ta tsaya cik.

"Ɗan nan, me na ji ka ce ka biya?"

"Iya, godiya mana. Buhu biyu na kai."

"To ka yi godiya, Allah ya karɓa. Amma kada ka ƙara cewa ka biya. Ruwan sama nawa ka saye shi? Numfashin da ka yi noman da shi fa? Balle jinin da aka zubar dominka. Da masara za ka biya jini?"

Bai ce komai ba, ya sunkuyar da kai. Kuma gaskiya ba shi kaɗai ba ne. Mu duka muna da wannan lissafin a ƙasan zuciya. In yaro ya kwanta ciwo, sai mu ce wa Allah in ya tashi za mu kawo akuya. In aka yi ƙarin girma a wurin aiki, sai mu yi sauri mu kai ambulan don kada abin ya zube. In mutum ya aikata abin da zuciyarsa ke tuhumarsa a kai, sai ka ga a Lahadin da ke biye baikonsa ya ninka, yana ji a ransa an yi ragi. Ga kuma masu wa'azin talabijin da na cikin waya suna ƙara hura wutar, wai ka shuka iri na kuɗi kaza ka girbi mota, ka aiko da kaza a buɗe maka ƙofa. Wannan ciniki ne, kuma raina yana ɓaci in na ga gwauruwa ta sayar da 'yar tunkiyarta ta aika wa mutumin da bai san sunanta ba.

Ni a ganina abin ya samo asali ne tun daga kakanninmu. Mu nan kudancin Katsina, da yawanmu jikokin Maguzawa ne, ba kuma abin kunya ba ne a faɗa. Tsofaffinmu suna ba da labarin yadda maigida kan kai jan zakara ko baƙar akuya gindin tsamiya kafin shuka, a zubar da jini don uwar gona ta yarda, don iskoki su bar gida lafiya. In ciwo ya shigo, a ce an yi sakaci, wani iska yana bin bashi, a sake yanka. Kullum mutum yana cikin fargaba ko ya ba da abin da ya isa, ko akwai wanda ya manta da shi. Kakanninmu sun bar gindin tsamiya, sun karɓi baftisma, sun koyi karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda ya fito cikakke a 1932, aikin da Likita Mila na Zariya ya sha wahalarsa shekara da shekaru. Amma fargabar nan ba ta fita da sauƙi. Sai ta biyo mu har cikin coci, ta sa mu riƙa kallon Ubanmu na sama da idon da ake kallon mai bin bashi.

Alhali abin da ke cikin Littafin daban ne. Baba Fasto yakan ɗauke mu a hankali ya kai mu Littafin Firistoci sura 16, labarin Ranar Kafara. Sau ɗaya ce a shekara, ranar goma ga watan bakwai na Isra'ilawa. A ranar babban firist yakan tuɓe kayan adonsa, ya yi wanka, ya sa fararen tufafin lilin. Kafin ya yi wa kowa komai, sai ya fara yanka bijimi saboda zunubinsa da na gidansa, don shi ma mai laifi ne kamar kowa. Ya shiga bayan labule, Wuri Mafi Tsarki, da garwashi da turare, hayaƙi ya rufe murfin akwatin alkawari, ya yayyafa jini da yatsa har sau bakwai. Sannan a juyo kan bunsuru biyu da aka riga aka jefa wa ƙuri'a. Ɗaya a yanka, a shiga da jininsa saboda jama'a. Ɗayan kuwa, firist ya ɗora hannuwansa biyu a kansa, ya furta laifofin al'umma duka, a ba wani mutum ya ja shi can cikin jeji ya sake shi. Jama'a na tsaye suna kallo har ya ɓace. Abu biyu ake nuna musu a rana ɗaya: zunubi ba wasa ba ne, rai yake ci, kuma in Allah ya ɗauke shi, ya tafi ke nan, ba ya dawowa.

Amma baɗi sai an sake. Baɗin baɗaɗa ma haka. A nan ne marubucin wasiƙar Ibraniyawa ya kafa hujjarsa, cewa da jinin dabba yana wanke lamiri da gaske, da ba a yi ta maimaitawa ba. Firistocin can a tsaye suke aiki, don aikin ba ya ƙarewa. Yesu kuwa ya miƙa kansa sau ɗaya tak, sannan ya zauna. A zamanin gwamna Bilatus ne, a lokacin Idin Ƙetarewa, a wani tudu bayan ganuwar Urushalima da ake kira Golgota. Matiyu da Markus da Luka duk sun ce duhu ya rufe ƙasa daga tsakar rana har ƙarfe uku, kuma labulen haikali ya tsage. Matiyu da Markus sun ƙara da cewa daga sama ya tsage zuwa ƙasa, wato ba hannun mutum ba ne. Shekara wajen arba'in bayan haka, a shekara ta 70, sojojin Roma suka rushe haikalin, yanka a kan bagadensa ya tsaya har yau. Mu kuwa tun kafin nan iyayenmu cikin bangaskiya sun riga sun san ba sauran jinin da ake jira.

Shi ya sa in Babbar Salla ta zo, nakan ji daɗin tambayar da yaran maƙwabta kan yi mana. Malam mai shagon kwanar layinmu bai taɓa fashin aiko mana da naman layya ba, mu ma ranar Kirsimeti kwanon shinkafa da nama na farko gidansa yake zuwa. Wata shekara ƙaramin ɗansa da ya kawo naman ya dubi maigidan da ke kusa da mu ya ce, "Baba, wai ku ina ragonku? Ba ku yin layya?" Dattijon ya karɓi kwanon da hannu biyu ya yi godiya, ya ce, "Yaro, namu an riga an yanka tun da daɗewa, kuma ba mu muka saya ba." Su da tasu fahimtar, mu da tamu, ba mu taɓa ɓoye wa juna bambancin ba. Su suna riƙe da cewa Isma'ila ne ɗan da Ibrahim ya kai, mu Littafin Farawa sura 22 ya ce mana Ishaku ne, kuma a kan maganar gicciye mun rabu sarai. Wannan bai hana kwano tafiya da dawowa ba. Abin da ke taɓa ni a labarin kamar yadda muke karanta shi, shi ne Ibrahim mai garke ne babba, amma ragon da aka yanka a ƙasar Moriya ba daga garkensa ya fito ba. Tafiyar kwana uku ya yi, yaro na ɗauke da itacen, yana tambayar ina abin yankan. Rago ya samu a sarƙe da ƙahonninsa cikin kurmi, wanda Allah ya tanada. Da Yahaya Mai Baftisma ya ga Yesu a bakin Kogin Urdun ya kira shi Ɗan Ragon Allah, maganar ke nan yake ƙarasawa. Na Allah ne, ba na garkenmu ba.

Mu mutanen wannan yanki ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan fansa, don mun ɗanɗana ta da hawaye. Akwai wani ɗan'uwa a cocinmu da 'yan bindiga suka ɗauke a hanyar gona. Yayansa ya sayar da shanun huɗarsa duka biyu, ya jinginar da fadamar gado, aka haɗa da abin da dangi da ikilisiya suka tara, kafin aka sako shi, ƙafafu a kumbure. Ranar da ya zo godiya ba wanda bai yi kuka ba. Bayan an tashi wani dattijon ikilisiya ya tara mu ya ce, "Ku dube shi da kyau. In gobe ya auni mudu biyu na gero ya kai wa yayansa ya ce ga kuɗin shanunka, mun rabu ba bashi, me za ku kira wannan?" Aka ce cin fuska. Ya ce, "To amma kun ga tun da ya warke, kullum da asuba yana gonar yayan nan da fartanya, ba wanda ya aike shi. Wannan fa?" Aka ce ai ƙauna ce. Dattijon bai ƙara komai ba. Ni dai zan ƙara abu ɗaya, don kada a ɗauki misalin a kai shi inda bai je ba. Allah bai yi ciniki da wani ɗan bindiga ba, ba wanda ya tsare shi ya yanka masa farashi. Shi ne wanda muka yi wa laifin, shi ne kuma ya ɗauki asarar a kansa. Wannan ne abin da har yau in na tsaya na yi tunaninsa a teburin Jibin Ubangiji, da ɗan gutsuren gurasa a hannuna, bakina yakan mutu.

To sai wani saurayi cikin 'yan kwaya, mai kaifin kai, ya ce, "Baba Fasto, in dai an riga an biya komai, ai sai kowa ya riƙe buhunsa. Me ya sa muke wahalar ɗauko kaya?" Baba Fasto ya yi murmushi ya ce tambayar ba sabuwa ba ce. Ya ba mu labarin wani tsohon littafin tambaya da amsa da aka rubuta a garin Haidelbag na ƙasar Jamus a 1563, wanda har yanzu wasu ikilisiyoyi ke koyar da yara da shi. An raba shi kashi uku: na farko girman laifin mutum da halin ƙaƙa-ni-ka-yi da yake ciki, na biyu yadda aka cece shi, na uku godiya. Kuma Dokoki Goma da Addu'ar Ubangiji duk a kashi na ukun aka sa su. Wato kada ka yi sata, kada ka yi shaidar zur, ka girmama iyayenka, ba tsanin hawa wurin Allah ba ne, amsar wanda aka riga aka karɓa ce. Ya ce wa saurayin, "Ɗana, wanda ya riƙe buhunsa don an yafe masa, bai san me aka yafe masa ba tukuna." Ya tuna masa da matar nan ta Luka sura 7 wadda ta jiƙa ƙafafun Yesu da hawaye ta shafa musu turare a gidan Bafarisiye, da misalin mutum biyu da aka yafe wa bashi, ɗaya dinari 500, ɗaya 50. Wa zai fi ƙaunar mai yafewar? Kowa ya san amsa.

Kuma cewa ba biya ba ne, ba ya nufin a kawo abin banza. Nan ma muna da namu halin. Sau nawa aka ga an zagaya akurki an zaɓo kazar da ta fara gyangyaɗi, ko an ɗebo wake mai ƙwari da aka san ba zai karɓu a kasuwa ba? Annabi Malakai ya yi wa mutanen zamaninsa faɗa a kan daidai wannan, suna kawo makauniyar dabba da gurguwa, ya ce su gwada kai wa gwamnansu irinta su gani. Sarki Dawuda kuwa, da Arauna ya ce zai ba shi masussuka da shanu kyauta ya yi hadaya, ƙi ya yi, sai da ya biya shekel 50 na azurfa, don ba ya son ya miƙa wa Allah abin da bai ji zafin fitarsa ba. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Gaskiya ne, amma mai yabon da zuciya ɗaya ba ya zaɓen mafi muni a cikin kayansa.

Akwai wata doka a Littafin Firistoci sura 7 da Mama shugabar zumunta ta fi kowa so, kullum sai ta kawo ta. Hadayar godiya daban take da hadayar zunubi. Namanta ci ake yi, kuma doka ta ce a cinye shi a ranar, kada a bar komai ya kwana. Mama takan ce, "To ku gaya mini, mutum ɗaya da matarsa za su cinye sa guda kafin gari ya waye? Dole ya kira mutane. Dole ya leƙa waje ya ce wane zo, wance zo, har da wanda ba ya shiri da shi." Ni ma na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Allah ba ya jin yunwa, Zabura ta 50 ta faɗa mana dabbobin jeji da na tuddai duk nasa ne. In ka kawo masa godiya, sai ya juya ta ya miƙa wa na kusa da kai. Haka zancen yake a Maimaitawar Shari'a, inda aka ce zakkar shekara ta uku a tara ta cikin gari saboda Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa. Haka kuma dokar da ta hana a girbe gona har gefe, ta ce a bar kala. Da kalar nan Rut ta ciyar da surukarta a Baitalami. Mu yanzu har zangarniyar da ta faɗi a kunya sai mun aika yara sun tsince, sannan mu zo coci mu yi rawa da dami.

Sai kuma maganar karanta sunaye, wadda duk shekara sai ta tayar da ƙura. Sakatare ya miƙe ya ce gidan wane buhu uku, a yi tafi da guɗa. Gidan wance tiya ɗaya, a yi shiru. Masu goyon baya suna cewa don gaskiya ce, kada a zargi kwamiti da cin kaya, kuma yana zaburar da masu nauyin hannu. Ba ƙarya suka yi ba. Amma na san mata biyu a layinmu da ba sa zuwa coci ranar godiya, su ce ciwon kai, alhali kunya ce. Ɗaya mijinta ya rasu, ɗaya kuma gonarsu tana can inda ba a iya zuwa yanzu, shekara biyu ba su cire ko zangarniya ba. Ranar da ya kamata a ce kowa ya zo ya tuna an karɓe shi kyauta, ita ce ranar da talaka ke ɓuya a ɗaki. Wannan ba daidai ba ne, kuma ba zan gaji da faɗa ba. Yesu ya zauna daura da akwatin baiko a haikali yana kallon masu kuɗi suna zubawa, amma wadda ya kira almajiransa su gani ita ce gwauruwar da ta sa anini biyu. Hananiya da Safiratu kuma ba don sun ba da kaɗan suka hallaka ba, sai don sun so a tafa musu a kan abin da ba su yi ba.

Ɗaya daga cikin matan nan biyu na layinmu, bara Iya ta je har ɗakinta ta jawo ta. Ta ce, "Ke 'yar nan, tashi ki ɗaura zane. In ba ki da dami, kina da baki." Ta zo hannu wofi, da aka kira gidansu ta fito ita da 'ya'yanta uku, ta ce ba ta da abin kawowa, amma ta gode wa Allah da ya ba da Ɗansa dominta, wannan kuwa ba ɗan bindigar da zai ƙwace. Annabi Habakuk ya yi irin wannan magana a ƙarshen littafinsa, lokacin da ɓaure bai yi toho ba, gonaki ba amfani, garke ba dabba, ya ce duk da haka zai yi murna da Allah mai cetonsa. In godiyarmu a kan rumbu kaɗai ta tsaya, shekarar fari ba mu da abin cewa ke nan.

Labarin kutare goma na Luka sura 17 kuwa, mu ba labarin nesa ba ne a wurinmu. A shekarun 1930 ne aka danƙa wa mishan ɗin SIM kula da asibitocin kutare na larduna, Babbar Ruga kusa da Katsina, Yadakunya kusa da Kano, Amanawa a ƙasar Sakkwato, daga baya kuma aka buɗe na Danja kusa da Maraɗi. Da dama cikin Hausawan farko da suka bi Yesu a nan suka ji bishara, mutanen da danginsu suka ware wa ƙwarya da tabarma. Wasu da suka warke suka koma garuruwansu suka zama masu bishara da malaman ƙananan asibitoci. Iya takan ce kawunta yana cikinsu, yatsunsa sun gutsure, amma da dungulmin hannun yake riƙe littafin waƙoƙi, kuma ba a taɓa riga shi zuwa addu'ar asuba ba. A labarin Luka goma ne suka warke, duka goman, ba a janye warkewar tara ɗin don ba su dawo ba. Kyauta ce, an ba su ke nan. Ɗaya ne ya juyo, Basamariye, bare, ya faɗi a ƙafafun Yesu. Tara sun tafi da lafiyar fata, shi ya tafi da sanin wanda ya ba shi. Ina jin tsoron kada mu da muka gaji bangaskiya daga kakanni, muka tashi muka tarar da coci a gine, mu zama cikin taran nan, don abin da aka haife ka a cikinsa da wuya ka ga girmansa.

Wani abin da muke tsallakewa kuma shi ne sulhu. Akwai gidaje biyu a unguwar nan da suka shekara ba sa gaisawa saboda iyakar gona, taku biyu na ƙasa. Ranar godiya kowanne ya yi rawarsa zuwa bagade, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, ba mai kallon wani. Alhali Yesu ya ce in ka kawo baikonka ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye shi nan, ka je ku shirya tukuna. Ya kuma ba da misalin bawan da aka yafe wa talanti 10,000, bashin da ko zai yi aiki har jikokin jikokinsa ba zai biya ba, ya fita ya shaƙe wuyan wanda yake bi dinari 100. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, ba wanda ya ce kada a saɓa. Amma mutum ya sha ƙoƙon Jibi da safe, ya ƙi amsa sallamar maƙwabcinsa da yamma, wannan abin dubawa ne. Bana dattawa sun ce za su zaunar da gidajen biyu kafin Lahadin, kuma na ji an ce matan sun riga sun fara aika wa juna da daddawa, saura mazan.

A taron majalisar ikilisiya na makon jiya an kai ruwa rana. Zumuntar maza suna so a sayar da hatsin duka a gwanjo a sayi kwanon rufi, don gefen da 'yan makarantar Lahadi ke zama yana yoyo, kuma gaskiyarsu ce yana yoyo. Mama shugabar zumunta ta miƙe ta ce, "Baba Fasto, iyayena dattawa, ku yi mini haƙuri. Kwano zai jira rani, ciki ba ya jira." Aka yi ta ja har aka tsaya a kan cewa dabbobi da kaji da kayan da ke lalacewa za a yi gwanjonsu, kuɗin ya tafi rufi. Dawa da gero da masara kuwa za a zuba a rumbu, ba za a buɗe ba sai watan Yuli da Agusta, lokacin da abinci ke ƙarewa a gidaje sabo kuma bai nuna ba. Mutum uku za su riƙa lissafin, biyu mata. Wani ya tambaya ko rabon na 'yan coci ne kaɗai, aka ce duk gwauruwar da ke unguwar nan da duk wanda ya gudo daga ƙauye, ko ina yake salla, a rubuta shi. Maganar karanta sunaye ce ba a gama ba, sakatare ya ce shi dai a ba shi umarni a rubuce, an ɗage ta sai zama na gaba. Rumbun kuwa ranar Alhamis za a fara ɗora shi a bayan gidan fasto. Gayya ce, maza su zo da ƙasa da ciyawa tun da sassafe, matasa su ɗebo ruwa, mata sun ce kunun tsamiya da ƙosai a kansu.